Gano saiwar jijiyar da ta matsu: jagoran gwaji da hannu ga ma'aikatan lafiya na jihar Tawa

Masu ciwon bayan da ya sauka ƙafa, ko ciwon wuyan da ya sauka hannu, ba sa yankewa a ɗakin duba marasa lafiya a jihar Tawa. Masu loda buhunan albasa a Galmi, matan da ke jan guga a rijiyoyin Adar masu zurfi, ƴan kabu-kabu, da waɗanda suka dawo daga cin rani bayan shekaru suna dako. Kusan dukansu magana ɗaya suke zuwa da ita: "Likita, sanyi ne." Wasu sun riga sun biya wurin wanzami, za ka ga sawun ƙaho jere a bayansu. Hoton IRM, na na'urar da ke nuna laka da jijiyoyi, ba ko'ina ake samunsa ba, kuɗinsa ba na kowa ba ne, kuma daga Tawa zuwa Yamai tafiyar fiye da kilomita 500 ce. Don haka infirmiye, wato malamin jinya, ko majo, shugaban ƙaramin asibitin da ake kira CSI, shi zai raba wanda zai koma gida da magani da wanda za a nema wa mota yau. Kayan aikin ba su da yawa: hannunka, ƴar gudumar roba, auduga, da tsinken sakace.

Taswirar da za ka riƙe a ka

Laka tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙashin baya, jijiyoyi suna fita daga gare ta dama da hagu, 31 a kowane gefe: 8 na wuya (C1 zuwa C8), 12 na ƙirji (T, tsofaffin littattafan Faransanci su rubuta D), 5 na ƙugu (L), 5 na ƙasan ƙugu (S), sai ɗaya ta ƙarshe. Kowace tana barin laka da saiwa biyu. Ta gaba tana kai umarni ga tsoka, ta baya tana kawo ji daga fata. Kamar lambu ne: in fangali ɗaya ya bushe alhali na kusa da shi shar suke, ka san wace hanyar ruwa za ka je ka duba.

Ƙasusuwan wuya 7 ne amma jijiyoyinsa 8, saboda a wuya jijiya tana fita ta saman ƙashin da ke da lambarta, C8 kuma ta fita tsakanin C7 da T1. Daga nan zuwa ƙasa, ta ƙarƙashi take fita. A aikace lissafin ya zo da sauƙi. Faifan guringuntsin da ke tsakanin C5 da C6 in ya bulluƙo, C6 yake matsewa. Na C6 da C7 ya matse C7. A ƙugu, na L4 da L5 galibi L5 yake kamawa, na L5 da S1 ya kama S1, domin yana samun saiwar da ke wucewa ƙasa ne, ba wadda ta riga ta fita ba. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne mafi yawan abin da za ka gani a ƙafa. A hannu C7 ce kan gaba, sai C6.

Abu biyu kuma. Lakar babban mutum tana ƙarewa wajen L1 zuwa L2; ƙasa da nan tarin saiwoyi ne kawai, wanda ake kira jelar doki. Sannan kusan babu tsokar da saiwa ɗaya tak ke ciyarwa, biyu ne ko uku. Shi ya sa matsewar saiwa ɗaya ke kawo rauni, ba mutuwar tsoka ɗungurungum ba. In ka tarar da tsoka ta mutu murus, tunaninka ya tafi ga jijiyar da ke can cikin hannu ko ƙafa, ko kuma saiwoyi da yawa a tare.

Mataki na 1: ka kalla, ka sa ya nuna

Gwaji yana farawa tun daga ƙofa. Dubi tafiyarsa. Wanda ke ɗaga gwiwa sama fiye da kima, ƙafar ta faɗi ƙasa faf, ƙafarsa ce ba ta ɗaguwa. Dubi silifansa: in gefe ɗaya ya cinye ta gaba, ko ya ce yana suɓuce masa bai sani ba, ka fara zargin L5.

Kada ka tsaya a "ina ke ciwo?" Ka ce, "Baba, ɗauki yatsa ɗaya ka bi mini hanyar da ciwon ke bi." In ya bi ta gefen cinya, gefen ƙwauri, saman ƙafa har babban yatsa, L5 ce ke magana. In ya bi ta bayan cinya, sha-raɓa, diddige zuwa ƙaramin yatsa, S1. In ta gaban cinya ne zuwa gwiwa da cikin ƙwauri, L3 ko L4. Ciwon saiwa yana fizga, mutane kan ce kamar kuran, wato wutar lantarki, ya ja su, kuma tari, atishawa ko yunƙuri a bayi suna tayar da shi. Tambaye shi yadda yake ruku'u. Wanda ya koma salla a zaune ya riga ya gaya maka girman abin.

Sai a tuɓe wurin da za a duba, a gwada dama da hagu da ido ko wata tsoka ta rame. In mace ce, a kira ma'aikaciya ko ƴar'uwarta ta tsaya, a rufe ta da zane a buɗe wurin da ake buƙata kawai. Gwaji ta kan babbar riga ɓata lokaci ne.

Mataki na 2: ma'aunin ƙarfi

Ma'aunin 0 zuwa 5 da muke amfani da shi ya fito daga Ingila a shekarun 1940, lokacin da ake duba sojojin da yaƙi ya raunata wa jijiyoyi. 0, babu motsi ko kaɗan. 1, tsoka na ɗan motsi amma gaɓa ba ta gusa ba. 2, gaɓa na motsi in an kwantar da ita yadda ba sai ta ɗaga nauyinta ba. 3, tana ɗaga nauyin kanta amma da ka danna ta faɗi. 4, tana ja da kai amma kana rinjaye. 5, cikakken ƙarfi.

Fara da gefen lafiya, don ka san ƙarfin mutumin nan shi kansa. 5 na tsohuwa ba 5 na ɗan dako ba ne. Riƙe gaɓar da ke sama da wadda kake gwadawa don kada ya yi maka wayo da wata tsoka. In ya saki saboda zafi, rubuta cewa zafi ne ya hana, kada ka ba shi 3.

Mataki na 3: hannu, daga kafaɗa zuwa yatsu

Ya zauna a bakin gado. Ya buɗe damatsa gefe, kai kuma ka danna ƙasa kusa da gwiwar hannu: "Malam, tsaya da ƙarfi, kada ka bari in sauke." Wannan C5 ce. Lanƙwasa gwiwar hannu, tafi na kallon sama, kana ja yana riƙewa, C5 da C6. Ya dunƙule hannu ya ɗaga wuyan hannu baya kana dannawa, C6. Ya miƙe gwiwar hannu yana tura ka, C7. A nan ka fara da gwiwar a lanƙwashe, domin tsokar bayan damtse tana da ƙarfi, in hannun ya riga ya miƙe ba za ka gane ƙaramin rauni ba.

C8 ita ke lanƙwasa yatsu. Mutane da yawa sukan miƙa yatsu biyu su ce "matse", su wuce. Wannan bai isa ba, tsokoki da yawa ke taruwa a damƙa. Riƙe gaɓar tsakiya ta dogon yatsansa, ka ce ya lanƙwasa kan yatsan kawai, kana ja. T1 kuma ya baza yatsu, ka tura ƙaramin yatsa ciki da naka yatsan.

Kada a manta numfashi. C3, C4 da C5 su ke tafiyar da tantanin da ke raba ƙirji da ciki, wanda da shi ake jan iska. Wanda ya faɗi a kan babur ya bugi wuya, kafin komai ka dubi yadda yake numfashi, kuma kada a juya masa wuya.

Mataki na 4: ƙafa

Yana kwance rigingine. Ya ɗaga cinya zuwa ciki kana danna saman gwiwa, L2. Ya miƙe gwiwa kana riƙe da ƙwauri, L3 da L4. Ya jawo ƙafa sama wajen fuskarsa, L4 da L5. Ya ɗaga babban yatsan ƙafa shi kaɗai, ka danna da babban yatsan hannunka a kan gaɓar ƙarshe, L5. Wannan ƙaramin gwajin ya fi saura tona asirin L5, ka yi shi dama da hagu lokaci ɗaya za ka ji bambancin a yatsunka.

S1 tana da nata sha'anin. Tsokar sha-raɓa tana ɗaukar nauyin mutum duka a kowane taku, don haka ko ta yi rauni, hannunka ba zai rinjaye ta a kwance ba. Tayar da shi tsaye, ya dafa bango da yatsu, ya tsaya da ƙafa ɗaya ya yi ɗage sau goma, sannan ya sake da ɗayar. Za ka ga gefen lafiya diddige na tashi sama sosai har ƙarshe, gefen ciwo kuma wajen na huɗu ko na biyar ya fara gajarta, sai ya soma karkata jiki yana taimaka wa kansa da bango. Wannan ne raunin da da an tsaya a gado za a rubuta masa 5. Bayan nan ya yi ƴan taku a kan diddige. Gefen da yatsu suka kasa tsayawa sama, L4 da L5.

Mataki na 5: guduma

Zaburar tsoka, wato refleks, ba ta san yaudara ba, shi ya sa nake ba ta nauyi. Ɗora babban yatsanka a kan igiyar tsokar da ke lanƙwasar gwiwar hannu ka bugi yatsan, C5 da C6. Bugi gefen babban yatsa sama kaɗan da wuyan hannu, C6. Bayan gwiwar hannu, C7. Ƙasan ƙoƙon gwiwa, L3 da L4. Agara, S1. Hanya mafi sauƙi ta agara ita ce ya durƙusa a kan kujera ƙafafu na reto ta baya. L5 ba ta da zaburar da ake samu cikin sauƙi, saboda haka gwiwa da agara duka lafiya bai wanke L5 ba.

Ka saki gudumar ta faɗi da nauyinta, kada ka caka. In mutum ya sandare, ka ce ya sarƙe yatsun hannayensa ya ja da ƙarfi daidai lokacin da za ka buga ƙafa. In hannu kake gwadawa, ya cije haƙora. Tsofaffi da masu ciwon suga sukan rasa zaburar agara a ƙafafu biyu. Abin da ke da ma'ana shi ne bambanci tsakanin dama da hagu.

Matsewar saiwa rage zabura take yi. In ka ga ta yi yawa, ƙafa na harbawa, tsoka ta ƙage, to matsalar tana laka ko sama da ita. Sai ka yi gwajin Babinski, wanda likitan ya bayyana a Faris a 1896: ka karci gefen tafin ƙafa daga diddige zuwa gaba. Babban yatsa ya tashi sama a babban mutum, alamar laka ce ko ƙwaƙwalwa. Manomin da kaushi ya cika masa tafi ba zai ji komai ba, sai ka karci gefen ƙafar ta waje, ƙasan idon sawu, inda fata ke da laushi.

Mataki na 6: fata

Ya rufe ido. Taɓa da auduga, sannan da tsinken sakace, ka jefar da tsinken bayan ka gama. Allurar da ta shiga jikin wani ba ta wannan aiki. Tambayar ita ce, "Nan da nan, iri ɗaya kike ji, Inna?" Wuraren: gefen damtse ta waje C5, babban yatsa C6, dogon yatsa C7, ƙaramin yatsa C8, gefen gwiwar hannu ta ciki T1, layin kan nono T4, cibiya T10, gaban cinya L2, cikin gwiwa L3, idon sawu na ciki L4, saman ƙafa L5, gefen diddige ta waje S1. Yankunan suna shiga juna, don haka raguwar ji za ka samu, da wuya rashinsa gaba ɗaya. Saiwoyin ƙirji ba su da tsokar gwaji mai sauƙi. Zafin da ya zagaye rabin ƙirji kamar ɗamara, ka leƙa fata ko ƙurajen zona, masu ruwa da ke fitowa a layin jijiya, sun fara fitowa.

Mataki na 7: ja saiwar ka gani

Gwajin likita Lasègue, wanda ɗalibinsa Forst ya rubuta a 1881, kowa na yin sa, kaɗan ke yin sa daidai. Yana kwance, kai ne za ka ɗaga ƙafar a miƙe, a hankali, shi ya saki jiki. In ciwon da ya saba ji ya fizgo har ƙasa da gwiwa tsakanin digiri 30 zuwa 70, gwaji ya nuna, L5 ko S1. Jan bayan cinya kawai, ko ciwon baya kawai, ba shi ba ne. Sauke ƙafar kaɗan har zafin ya lafa, sannan ka tura tafin ƙafa sama. In ya dawo, jijiya ce. In ka ɗaga ƙafar lafiya zafi ya sauka a mai ciwon, wannan shaida ce mai ƙarfi cewa faifai ya bulluƙo. Don L2 zuwa L4, ya kwanta rubda ciki ka lanƙwasa gwiwa, zafi ya bi gaban cinya.

A wuya akwai gwajin Spurling: ya ɗaga kai baya kaɗan, ya karkata wajen ciwo, ka danna saman kai a hankali. Zafi ya sauka hannu, saiwa ce. Ba a yin sa ga wanda ya yi haɗari ko mai alamun laka. Wani mara lafiyar ma zai shigo da hannu ɗore a kai, ya ce haka ne kawai yake samun sauƙi. Wannan ma alamar saiwar wuya ce.

Masu shigar burtu

Yanzu ka haɗa shaidu uku: ƙarfi, zabura, ji. In duka sun nuna saiwa ɗaya, ka samu. In sun saɓa, ka nemi wani abu.

Ƙafar da ba ta ɗaguwa ita ta fi ruɗarwa. Jijiyar da ke zagaya kan ƙashin gefen gwiwa ta waje tana matsuwa in mutum ya daɗe a tsugune, kamar mai dashen albasa da ke wuni a haka, ko in maɗori ya ɗaure karaya tamau. Ita ma tana hana ɗaga ƙafa da babban yatsa. Yadda za ka raba su: ka ce ya karkato tafin ƙafa ciki kana turewa, sannan ya kwanta a gefe ya ɗaga ƙafar sama kana danna cinya. A L5 waɗannan biyun ma sun yi rauni, kuma galibi akwai ciwon baya. In jijiyar gefen gwiwa ce, duka biyun suna da ƙarfinsu. A yaro kuwa, ka tambayi uwa ko an yi masa allura a ɗuwawu kwanan nan, musamman ta kinin lokacin zazzaɓin cizon sauro. Allurar da ta sauka ƙasa ko ciki tana samun babbar jijiyar ƙafa, kuma wannan ɓarna ce da mu ma'aikata ke iya hanawa. Duk da haka, yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓa ta saki masa farat ɗaya, a sanar da hukumar lafiya ta gunduma a ɗauki kashinsa sau biyu don binciken shan inna, ko da kana ganin ka san dalili.

A hannu, mutuwar ƙaramin yatsa na iya zama C8, na iya zama jijiyar da ke bi ta bayan gwiwar hannu ta ciki. Ta biyun tana raba yatsan zobe gida biyu, rabin da ke kusa da ƙarami ya mutu, ɗaya rabin na ji, kuma ba ta hawa sama da wuyan hannu sosai. Lalubi jijiyar a gwiwa. In ta yi kauri, nemi tabo mai haske a fata wanda ba ya jin auduga, kuturta ba ta ƙare ba. Wuyan hannun da ya faɗi bayan mutum ya kwana a kan damtsensa, alhali yana miƙe gwiwar hannu da ƙarfi, ba C7 ba ce. Mai suga kuma ƙafafu biyu ke mutuwa tare, daga yatsu zuwa sama, ba bin layin saiwa.

Wanda ba zai kwana a wurinka ba

Duk mai ciwon baya sai an yi masa tambayoyin da kunya ke hanawa. Fitsari na fita daidai? Yana riƙe bayan gida? Tambayar da na ga tana aiki ita ce, "In kin zo tsarki, kina jin ruwan kamar da?" Kowa na gane ta, kuma ba ta da nauyin faɗa. In ya ce a'a, ko fitsari ya tsaya, ko yana zuba bai sani ba, ko ƙafafu biyu sun kama, gwada ji a kewayen dubura, S4 da S5, ka taɓa mara ko ta cika. Wannan matsewar jelar doki ce. Sa masa robar fitsari, a tura shi inda likitan tiyatar jijiya yake a ranar, don jinkiri na iya barin sa da rashin riƙe fitsari har abada.

Haka kuma mai rama, zazzaɓin yamma, zufan dare, da ƙashin baya da ya turo kamar ƙusumbi yana zafi in an ƙwanƙwasa: tarin fuka na ƙashin baya ne har sai an tabbatar ba shi ba. Haka mai alamun laka, mai raunin da ke ƙaruwa kwana bayan kwana ko ya sauka 3 zuwa ƙasa, wanda aka taɓa samu da ciwon daji, da wanda ya yi haɗari. Na haɗarin a ɗauke shi a kan abu mai tauri, kai da jiki a layi ɗaya, ba a zaunar da shi tsakanin mutum biyu a kan babur ba.

Sauran, kuma su ne mafi yawa, suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Ya ci gaba da tafiya daidai gwargwado, ya bar ɗaukar kaya na wani lokaci, kada ya kwanta makonni. Maganin zafi a ba shi da lissafi, a gargaɗe shi kan tramol na bakin titi. In akwai kine, wato ma'aikacin gashi da motsa gaɓoɓi, kusa, a haɗa su. Ya dawo bayan mako biyu a sake gwada tsokokin nan dai, kuma a gaya masa a gaban ɗan rakiyarsa cewa in fitsari ya canza ko ƙafa ta ƙara mutuwa, kada ya jira ranar.

A takardar turawa zuwa babban asibitin Tawa ko Yamai, "ciwon baya" kawai ba ya taimakon kowa. Rubuta gefe, ranar da ya fara, da abin da ka samu: ɗaga babban yatsan dama 3, ɗaga ƙafa 4, karkato tafi ciki 4, zaburar gwiwa da agara daidai, ji ya ragu a saman ƙafa, Lasègue a digiri 40, fitsari da tsarki lafiya, zargin L5 ta dama. Sa kwanan wata da ƙarfe nawa ka gwada, domin likitan da zai karɓe shi ya san ko 3 ɗin nan ta koma 1 a hanya.